Nauyin da Ke Kan Mai Rumbun Manhaja Wajen Rarraba Tushen Rubutu

Wanda ya bi hanyar da ta rabu a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya kai Doguwa da Riruwai, ba ya rasa ganin wata sana'a a kowane gari mai kasuwa. Saurayi ne zaune a rumfa ko a ɗan shago, da kwamfuta a gabansa, yana yi wa mutane cajin waya, yana kuma tura musu waƙoƙi da fina-finai da karatun malamai a kan kuɗi kaɗan. Haka abin ya ke a Bebeji da Tiga. Cikin kayan da a ke turawa akwai manhajoji, watau shirye-shiryen da ke sa waya ko kwamfuta yin aiki, kamar VLC da a ke kallon fim da ita. Dalilin sana'ar a fili ya ke. Sauko da babban kaya daga intanet yana cin kuɗi, a waɗansu wuraren kuma layin sadarwa ba shi da ƙarfin ɗaukarsa. Saboda haka mutum ɗaya ya kan sauko da shi sau ɗaya, ya ajiye, mutum ɗari su ɗiba daga wurinsa.

Abin da saurayin nan ke yi da hannu, shi manyan jami'o'i da kamfanonin sadarwa na duniya ke yi da injuna. Ƙungiyar da ta yi manhaja tana da ma'ajiyarta ta asali, sai waɗansu su kafa na'ura a ƙasarsu, wadda ke juyo duk abin da ke cikin ma'ajiyar nan a kai a kai, don mutanen kusa su ɗauka ba tare da sun ƙetare teku ba. Debian, wadda Ian Murdock ya fara a 1993, da Ubuntu, wadda ta fito a 2004, duk da irin waɗannan na'urori su ke isa ga jama'a. Turawa sun ba na'urar sunan madubi, wai don tana nuna kamannin ta asali. Sunan bai zauna sosai a Hausa ba, domin madubi ba ya riƙe kome, in mai kallo ya kau sai hoton ya tafi. Na'urar kuwa ajiya ta ke yi, ta kuma bayar. Kalmar rumbu ta fi kusa da aikinta, ita kuma za a bi a wannan takarda. Bambancin sunan ba na ado ba ne, domin mai madubi zai iya cewa shi bai ba kowa kome ba, mai rumbu kuwa ba shi da wannan hanzari.

Kafin a shiga sharuɗɗa sai an rarrabe abu biyu. Manhaja tana da siffa biyu. Ta farko ita ce rubutun da mutum ya yi da hannunsa cikin ɗaya daga harsunan kwamfuta, wanda wani masani zai iya karantawa, ya gane, ya gyara. Shi za a kira tushen rubutu, ko tushe a taƙaice. Ta biyu ita ce abin da ke fitowa bayan an ba wata manhaja tushen nan ta mai da shi lambobin da inji kaɗai ke fahimta. Wannan ita ce niƙaƙƙiyar manhaja. Misalinsu kamar dawa ce da garinta. Wanda aka ba gari zai tuƙa tuwo ya ci, amma ba zai shuka ba. Wanda aka ba tsaba yana da zaɓi, ya niƙa ko ya ajiye iri. Kusan duk abin da masu turi ke sa wa mutane a waya gari ne, kuma yawancin masu karɓa garin su ke so.

To, me ya sa akwai sharaɗi a kan abin da aka ce kyauta ne? Dalili kuwa shi ne, doka ba ta san manhaja maras mai ita ba, sai fa wadda mai ita ya saki ko wadda wa'adinta ya ƙare. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan adabi, tare da littafi da waƙa rubutacciya. Nijeriya kuma ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, saboda haka aikin marubucin Jamus ko na Indiya yana da kariya a Kano kamar na ɗan gida. Asalin hukunci ke nan: ba mai ikon juya aikin wani ya rarraba sai da izininsa. Lasisi shi ne wannan izini a rubuce. Mai manhaja ya ce ya yarda kowa ya juya, ya gyara, ya rarraba, muddin ya cika kaza da kaza. Wanda ya cika yana da izini. Wanda ya ƙi, ya koma matsayin wanda ba a taɓa ba izini ba.

Lasisin da ya fi suna shi ne GPL. Richard Stallman ya yi shelar aikin GNU a Amurka a 1983, ya kafa gidauniyar FSF a 1985, aka fitar da bugu na farko na lasisin a 1989, na 2 a 1991, na 3 a 2007. Zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana ƙarƙashin bugu na 2 har yau. Manufar GPL ita ce 'yancin da mutum ya samu ya wuce ga na bayansa ba tare da ya ragu ba. Akwai waɗansu lasisai masu sauƙi, kamar na MIT da na BSD, waɗanda ba su tilasta ba da tushe ba. Abin da su ke nema bai wuce a bar sunan mai haƙƙi da nassin izinin a jikin kowane juyi ba. Na Apache, bugun 2004, ya ƙara da cewa in akwai takardar sanarwa a cikin kayan, to, abin da ke cikinta ya bi kowane juyi. Waɗannan ba su da wuyar cikawa, ba kuma a kansu rigima ta fi tashi ba.

Mai rumbun da tushe kaɗai ya ke rarrabawa, yadda ya karɓa, nauyinsa bai da yawa. Sashe na 1 na bugu na 2 ya ɗora masa abubuwa kaɗan: ya bar sanarwar haƙƙin mallaka a kan kowane juyi, ya bar bayanin da ke cewa babu lamuni in manhajar ta yi ɓarna, kada ya goge duk wata magana da ke nuni ga lasisin, sa'an nan ya haɗa wa mai karɓa da nassin lasisin kansa. Na'urar da ke juyo ma'ajiya ɗungum tana cika waɗannan ba tare da mai ita ya ɗaga yatsa ba. Inda a kan yi tuntuɓe shi ne wajen tsabtace kaya. Mutum ya ga ƙananan takardu da Turanci waɗanda ba mai karantawa, sai ya share su don wuri ya yi kyau, bai san izininsa ya share ba.

Wannan sharaɗi ba baƙo ba ne ga wanda ya san al'adar juyin littattafai a ƙasar Hausa. Kafin injin ɗab'i, almajirin da ke son Risala ta Ibn Abi Zaid, ko Ahalari, ko Ishiriniya, sai ya ari na malaminsa ya juya, ko ya biya marubuci ya juya masa. Ba a neman izinin magada, ba a kuma ganin laifi ga mai karɓar ladan rubutu. Amma akwai abin da marubucin kirki ba ya taɓawa. Sunan mawallafi yana nan a farkon littafi tare da addu'ar da aka yi masa, marubuci kuwa in zai ambaci kansa sai a ƙarshe, bayan ya rubuta cewa littafi ya cika. Bayanin da malami ya ƙara, da Larabci ko da ajami, a gefe a ke sa shi ko tsakanin layuka, da ƙananan baƙaƙe, don kada ya gauraya da matani. Ilmi kuma yana tafiya da sunayen waɗanda aka karɓa daga gare su. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, don lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Mutanen da suka tashi cikin wannan tarbiyya ba su bukatar dogon bayani a kan dalilin barin suna inda aka same shi.

Raba matani da bayanin gefe shi ne kusan abin da sashe na 2 ya ke nema ga wanda ya gyara manhaja. Dole ya rubuta a fili cewa ya canja wannan fayil, ya sa ranar da ya canja, ya kuma saki gyararren aikin gaba ɗaya ƙarƙashin lasisin da ya same shi. Wannan ya shafi sashen Hausa kai tsaye. Malamin da ya zauna da ɗalibansa suka fassara kalmomin fuskar wata manhaja, suka sa mata ɓ da ɗ da ƙ, suka haɗa ta, suka raba wa makarantun Kiru da Bebeji, ya fita daga sahun masu ajiya kawai, ya shiga na masu gyara. Fayilolin fassarar nan sun zama wani yanki na tushe, kuma duk wanda aka ba manhajar yana da haƙƙin ya same su. Alheri ne ma ga harshen, domin ta haka ne wani a Katsina ko Maraɗi zai iya gyara kalmar da ba ta yi daidai da karinsu ba.

Babban nauyi yana kan mai rarraba niƙaƙƙiyar manhaja, watau kusan kowane mai rumbu. Sashe na 3 na bugu na 2 ya buɗe masa ƙofa uku. Ta farko, ya haɗa ta da cikakken tushenta. Ta biyu, ya haɗa ta da alkawari a rubuce, mai ƙarfi har shekara 3 a ƙalla, cewa zai ba duk wanda ya nema tushen, ba tare da ya karɓi fiye da abin da juyin ya ci masa ba. A lura da cewa duk wanda ya nema aka ce, ko da ba shi ya karɓi manhajar daga hannunsa ba. Ta uku, ya miƙa wa mai karɓa alkawarin da shi ma aka ba shi. A ƙarshen sashen an ƙara cewa wanda ke rarrabawa ta hanyar buɗe wuri mutane su ɗiba, in ya ajiye tushen a wuri ɗaya da niƙaƙƙiyar yadda mai so zai ɗiba da irin wannan sauƙi, ya fita, ko da ba wanda ya ɗauka. Wannan jimla ita ce ginshiƙin aikin rumbu. Ba a tilasta wa kowa ɗaukar tsaba ba, an dai tilasta wa mai rumbu ya ajiye ta kusa da gari.

Ƙofa ta uku ita ce ke ruɗin mutane. Mai rumbun makaranta ya kan ce shi ba ciniki ya ke yi ba, saboda haka ya isa ya nuna wa mutane inda ya samo. Amma ƙofar tana da makulli biyu. Sai rarrabawar ta zama ba ta ciniki ba, sai kuma shi kansa ya karɓi manhajar tare da rubutaccen alkawari irin na ƙofa ta biyu. Wanda ya sauko da kaya daga ma'ajiyar intanet yawanci ba a ba shi wani alkawari ba, an dai ajiye masa tushe a gefe, ya ga dama ya bari. Ba shi da abin da zai miƙa. Mai shagon turi kuwa, tun da yana karɓar kuɗi, makulli na farko ma ya riga ya hana shi.

Ga inda halin kudancin Kano ya shigo. Tushe yana cin wuri, saukar da shi yana cin kuɗi, ba kuma safai a ke samun mai tambayarsa ba. Kayan aikin da Debian ke ba masu rumbu suna da wurin da mutum zai zaɓi abin da zai juyo da abin da zai bari, tushe ma yana cikin abin da a ke iya bari. Mai kula da na'ura a wata makaranta a Tudun Wada, wanda kuɗin data da man janareta suka yi masa kaɗan, lalle zuciyarsa za ta raya masa ya bar tushen, ya ce ai yana can a Turai ga mai so. Uzurin yana da ban tausayi, amma in an duba shi da kyau, hujja ce a kansa. Abin da ya sa aka kafa rumbun tun farko shi ne ma'ajiyar asali ta yi nisa. In ta yi nisa ga mai neman gari, ta yi nisa ga mai neman tsaba. Yaron Doguwa da Allah ya ba basira, wanda zai so ya buɗe manhaja ya ga yadda aka ƙulla ta, shi ne na farkon wanda aka rufe wa ƙofa.

An riga an gwada wannan uzuri a wata ƙasa. A 2006 wani ɗan Amurka, Warren Woodford, yana rarraba nasa tsarin Linux mai suna MEPIS, wanda ya gina a kan kayan Debian da Ubuntu. Yana ba da tushen abin da ya gyara da kansa, sauran kuwa ya ɗauka cewa tun da bai taɓa su ba, mai so ya nema a wurin masu asali. FSF ta rubuta masa cewa wannan bai cika sharaɗin bugu na 2 ba, domin shi ne ya rarraba, a kansa kuma nauyin ya ke. Ya yi gunaguni a bainar jama'a cewa abin zai danne ƙananan masu aiki irinsa, gunagunin kuma ba na banza ba ne, amma daga baya ya shirya ba da tushen. Ba a je kotu ba.

A Jamus kuwa an je. Harald Welte, wanda ya rubuta wani yanki na Linux, ya kai kamfanoni ƙara, kotun Munich ta ba shi gaskiya a kan Sitecom a 2004, ta Frankfurt a kan D-Link a 2006. Shari'ar da ta fi dacewa da mai rumbu ita ce ta Skype a 2007. Kamfanin yana sayar da wata wayar da wani kamfani dabam ya ƙera, mai Linux a ciki. Da aka yi ƙorafi sai aka sa 'yar takarda a cikin kwali, mai nuna adireshin intanet inda za a sami lasisin da tushen. Kotun Munich ta ce wannan bai isa ba ga kayan da a ke miƙawa hannu da hannu. Skype ta ɗaukaka ƙara, sa'an nan ta janye a 2008. Abin lura shi ne, ba Skype ta ƙera wayar ba, ba ita ta haɗa manhajar ba, tana tsakiya ne kawai, amma hakan bai kuɓutar da ita ba. A shekarar 2008 ɗin wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a shari'ar Jacobsen da Katzer, ta tabbatar cewa saɓa sharaɗin irin wannan lasisi zai iya zama keta haƙƙin mallaka, ko da ba kuɗi aka nema a kan manhajar ba.

Bugu na 3 ya sassauta ta wani gefe. Sashe na 6 ya yarda tushen ya zauna a wata na'ura dabam, ko da ta wani ce, muddin an rubuta bayani bayyananne kusa da niƙaƙƙiyar manhaja mai nuna inda za a same shi. Sai dai ya biyo da cewa ko wace na'ura ce ke riƙe da tushen, mai rarrabawa ne ke da alhakin tabbatar da yana nan har tsawon lokacin da a ke bukata. Misalinsa kamar wanda ya yi wa baƙo nuni da rijiyar maƙwabci ne, in an je an tarar ta ƙafe, ruwa yana kansa. Wannan sassauci kuma na mai rarrabawa ta hanyar buɗe wuri ne. Mai miƙa faifai ko katin ajiya a hannu, ko ya sa tushen a ciki, ko ya ba da rubutaccen alkawari na shekara 3, wanda a wannan bugu an yarda ya zama alkawarin saukowa kyauta daga wata na'ura. Kada kuma a manta cewa rumbu ɗaya yana ɗauke da dubban manhajoji masu lasisi iri iri, kuma Linux kanta bugu na 2 kaɗai ta ke bi. Mai son kwanciyar rai sai ya bi mafi tsanani, ya ajiye tushe.

Akwai wani tarko da ba ya bayyana sai bayan watanni. Tushen da a ke bin mutum shi ne wanda aka niƙa wannan manhaja daga gare shi, tare da fayilolin da ke sarrafa haɗawa da girkawa. Na bara ba ya biyan na bana, na bana ma ba ya biyan na bara. Manyan ma'ajiyoyi su kan cire tsohon kaya in sabo ya shigo. Rumbun da ke sabuntawa kullum yana tafiya tare da su. Rumbun ƙauye kuwa, wanda aka cika sau ɗaya a Kano aka kawo shi a mota, zai iya shekara biyu yana raba kayan da tushensu ya riga ya bar inda aka nuna. Debian tana da ma'ajiyar tarihi da ke riƙe tsofaffin kayanta, akwai kuma Software Heritage, wadda cibiyar bincike ta Inria a Faransa ta buɗe a 2016 don tattara tushen manhajojin duniya. Taimako ne babba, amma ba kowace manhaja ke da irin wannan gata ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a juyo biyun a rana ɗaya, a ajiye su tare.

Ba kowane juyi ne rarrabawa ba. FSF ta bayyana cewa ƙungiyar da ta juya manhaja a kan injunanta, don amfanin kanta, ba ta rarraba ba. Kwalejin da ta girka Ubuntu a ɗakin kwamfutarta ba ta da bashin kowa. Ranar da ɗalibi ya kawo katin ajiyarsa aka zuba masa ya tafi gida da shi, ko aka buɗe rumbun ga makarantar maƙwabta, ran nan hukunci ya canja.

Hukuncin wanda ya saɓa, a bugu na 2, mai kaifi ne: izininsa ya faɗi nan take, sai mai haƙƙi ya mayar masa. Waɗanda suka karɓa daga hannunsa kuwa nasu izinin yana nan, muddin su sun cika. Bugu na 3 ya buɗe ƙofar tuba. Wanda ya daina saɓawa, izininsa ya dawo na wucin gadi, ya kuma tabbata in mai haƙƙi bai yi magana ba har kwana 60 bayan dainawar. Wanda aka yi wa gargaɗin farko ya gyara cikin kwana 30, nasa ma ya tabbata. Gaskiya ne da wuya wani ya taso daga Munich don ƙarar mai shago a Riruwai. Amma kwaleji ko jami'a mai rumbu a intanet, da sunanta a jiki, kowa na iya leƙawa ya ga abin da ta ajiye da abin da ta bari.

Waɗansu su kan kwatanta GPL da hubusi, watau wakafi, kamar Alƙur'anin da aka rubuta a jikinsa cewa na masallaci ne, ba a sayarwa, ba a gado. Kwatancin ya yi daidai ta fuska ɗaya, domin a duka biyu mai abu ne ya ɗaure shi da sharaɗin da ke bin sa duk inda ya shiga. Ta fuskar ciniki kuwa ya karkace. GPL ba ta hana karɓar kuɗi ba, sashe na 1 ma ya faɗa a fili cewa mutum na iya karɓar lada a kan juyi. Mai turi da ya karɓi naira ɗari don ya sa VLC a waya bai yi laifi da karɓar kuɗin ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya hana wanda ya saya juya wa wani, ko ya ɓoye masa lasisi da tushe. Ya fi kama da marubucin da ya ci ladan alƙalaminsa, ba tare da ya zama mai littafin ba.

Akwai misali ɗaya da ya taɓa Kano kai tsaye. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da baƙaƙen kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano, irin wanda a ke gani a Alƙur'anin Warshu da littattafan ajami na kasuwa. Suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda SIL ɗin ta tsara don baƙaƙe, kamar Charis da Andika da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sharuɗɗansa sun bambanta da na GPL. Ba a sayar da baƙaƙen su kaɗai, amma an yarda a haɗa su da wata manhaja a sayar. Kowane juyi ya tafi da sanarwar haƙƙi da nassin lasisi. Wanda ya gyara su, alal misali ya ƙara wani harafi da mutanen yankinsa ke rubutawa, dole gyaran ya zauna ƙarƙashin OFL, kuma in an keɓe sunan baƙaƙen a cikin sanarwa, sai ya ba nasa wani suna. Littafin da aka buga da su kuwa na mai shi ne, lasisin bai bi shi ba. Sashen Hausa da ya ajiye waɗannan baƙaƙe don malamai su ɗiba ya zama mai rumbu, ko ya sani ko bai sani ba, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a ciro fayil ɗin baƙaƙen kaɗai daga ƙunshinsa a bar takardar lasisi a baya.

Saura batun harshe. Nassin GPL da Turanci ya ke, mai karɓa a Bebeji kuwa wataƙila Hausa da Larabci ya ke karantawa. FSF ba ta amince da wata fassara a matsayin nassi mai ƙarfin doka ba, don tsoron kada kuskuren kalma ɗaya ya canja sharaɗi a wata ƙasa. Ta dai yarda a yi fassara don fahimtarwa, a rubuta a samanta cewa ba ita ce ta hukuma ba. Saboda haka mai rumbu ba zai cire na Turanci ya sa na Hausa a madadinsa ba, sai dai ya jera su. Mai fassarar zai gamu da wuya tun a kalmar farko, domin Turanci ya haɗa kyauta da 'yanci a kalma ɗaya, har masu lasisin su kan tsaya su yi bayanin wadda su ke nufi. Hausa ta raba su tun asali, 'yanci kuwa shi a ke nufi. Kalmar da za ta fi ba shi aiki ita ce wadda bugu na 3 ya ware don miƙa juyi ga wani, dabam da sauran hanyoyin yaɗawa, domin a kanta ne duk sharuɗɗan sashe na 6 suka rataya. Miƙawa, isarwa, da bayarwa duk suna kusa, sai an gwada kowace a cikin jimlolin sashen kafin a tsai da ɗaya.